Yadda Ake Kafa Kulob ɗin Mutum-mutumi a Makarantar Sakandare, Kuma Ya Ɗore

Ranar da aka sanar za a buɗe kulob ɗin haɗa mutum-mutumi, aji yakan cika maƙil, don kowa na son ya ga na'ura tana tafiya da kanta. Matsalar takan ɓullo bayan zango guda. Ɗalibai biyu ko uku da hannunsu ya fi faɗawa su mamaye teburin aiki, sauran su koma 'yan kallo, daga nan su riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Shekarar da ƙwararrun nan suka gama makaranta, sai kulob ya bi su. Matakan da zan kawo na tsara su ne domin kauce wa wannan: kowane ɗan kulob ya taɓa aiki da hannunsa, kuma abin da ya koya ya rage wa na bayansa.

Mataki na farko: malami, ɗaki, lokaci

Ku nemi malami guda da zai tsaya muku. Ba sai injiniya ba, ba ma sai malamin kimiyya ba. Wanda ake buƙata shi ne mai zuwa duk mako, mai riƙe makulli, mai iya shiga ofishin shugaban makaranta ya yi magana a saurare shi. Sai ɗaki mai soket da kabad mai kulluwa, domin na'urar da aka haɗa rabi ba a kwashe ta a jaka kullum. Ku tsayar da rana da sa'a, sau ɗaya ko biyu a mako, kada ku riƙa canzawa. Ku rubuta wa hukumar makaranta takarda shafi ɗaya da ke bayyana waɗannan, a sa hannu.

Mataki na biyu: kayan farko

Kada ku fara da sayen babban akwatin kayan gasa. Idan kuɗin da ke hannu zai sayi na'ura mai tsada guda ɗaya ko ƙanana biyar, ku ɗauki biyar ɗin. Na'ura ɗaya hannu huɗu kawai take ɗauka, ƙanana biyar kuwa za su shagaltar da ɗalibai goma.

Allon Arduino Uno, wato ƙaramar kwamfutar da ke ba na'ura umarni, ya wadatar. An fara aikin Arduino a 2005 a garin Ivrea na Italiya, domin ɗaliban da ba su karanci lantarki ba, shi ya sa yake da sauƙin kamawa. Yana aiki da volt 5, yana da ƙafafu (wuraren jona waya) 14 na kunnawa da kashewa, da wasu 6 masu karanta ƙarfin wutar da sensa, wato abin da ke gano haske, nisa da makamantansu, ta aiko. Ga ƙananan ɗalibai akwai micro:bit, wanda BBC ta raba wa 'yan makaranta a Birtaniya a 2016, ana ba shi umarni ta hanyar jera tubala a fuskar kwamfuta, ba sai an rubuta komai ba. Kowace ƙungiya ta samu allo ɗaya, ƙananan injinan juya taya biyu, tayoyi, allon tuƙa inji (mai kai wa inji wutar batir bisa umarnin Arduino) irin L298N, wayoyi, batir, da sensa biyu ko uku. Kulob gaba ɗaya ya mallaki mitar gwada wuta, sukurudireba, filaya, ƙarfen narka dalma da gilashin kare ido. Kafin kayan su iso ma, shafin Tinkercad yana ba da damar haɗa Arduino da wayoyinsa a kwamfuta kyauta, a gwada umarni ba tare da an ƙona komai ba.

Dokokin kariya ku kafa su tun ranar farko. Babu yanka, huda ko liƙin dalma sai da gilashi a ido. Ana cire batir kafin a taɓa waya. Idan batirin LiPo (wani nau'in batir mai caji) kuke amfani da shi, kowane ɗaki nasa, wato kowane ƙaramin batir da ke cikinsa, yana cika a volt 4.2, kada a bari ya sauka ƙasa da volt 3, kada a bar shi a caji babu kowa a wurin, kuma wanda ya kumbura an gama da shi, don yana iya kamawa da wuta.

Mataki na uku: aikin farko ya zama ƙarami, kuma kowa ya gama shi

A nan ne kulob ke kama ƙasa ko ya sulluɓe, don haka zan ɗan daɗe.

Zaman farko, kowane ɗalibi ya sa ƙaramar fitila ta riƙa ƙiftawa. Kowane ɗaya, ba wakilin ƙungiya ba. Ya canza lambar da ke cikin umarnin, mai nuna tsawon jiran fitilar, daga 1000 zuwa 200, ya ga fitilar ta ƙara sauri. A wannan lokacin ne yaro ke gane cewa abin da ya rubuta shi na'ura take bi, kuma wanda ya ɗanɗana wannan da yatsunsa da wuya ya fasa dawowa.

Zama na gaba, a juya taya. Za a samu wanda zai jona inji kai tsaye a ƙafar Arduino. Ku tare shi, ku bayyana masa dalili: ƙafar allon 'yar wuta kaɗan, milli'amfa 20, aka so ta bayar, injin kuwa yana jan ninkin wannan sau da yawa, musamman lokacin tashi. Shi ya sa ake sa allon tuƙi a tsakani, Arduino ya ba da umarni, batir ya ba da ƙarfi. Kuma dole wayar ƙasa ta batir (mai alamar −) da ta Arduino (mai alamar GND) su haɗu wuri ɗaya. Rashin wannan haɗin yana cikin abubuwan da suka fi sa na'ura yin abin da ba a gane kansa ba, ɗalibai su yi ta zargin umarnin da ba shi da laifi.

Daga nan sai na'ura mai bin layi. A shimfiɗa baƙin tef a kan farin allo, a sa sensa biyu masu hasken infrared, wanda ido ba ya gani, a gaban na'urar, ɗaya a hagun layin, ɗaya a dama. Fari yana mayar da hasken, baƙi yana shanye shi. Idan sensar hagu ta ga baƙi, na'ura ta karkata dama ke nan, sai a rage gudun tayar hagu ta dawo kan hanya. Haka ma ɗaya ɓangaren. Gwajin farko za ta riƙa tangaɗi, ko ta kwasa da gudu ta bar layin a kwana. Ku bar ɗaliban su gano da kansu cewa rage gudu ko matso da sensa kusa da ƙasa yana gyara ta. Wata rana kuma za su tarar na'urar da ta yi aiki lafiya da safe ta rikice da yamma, saboda hasken rana da ya shigo ta taga shi ma yana ɗauke da infrared. Darasi ne da zai yi musu rana a filin gasa, inda fitilu suka bambanta da na ɗakinsu.

Waɗanda suka gama su ƙara sensar HC-SR04 mai auna nisa. Tana fitar da sauti mai kaɗawa sau 40,000 a sakan, wanda kunne ba ya ji, ta jira amsa-kuwwarsa. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a sakan, kuma zuwa da dawowa ya yi, don haka idan aka raba lokacin da aka auna a mikrosakan (kashi ɗaya cikin miliyan na sakan) da 58, za a samu nisan a santimita. Amsa-kuwwar da ta dawo bayan mikrosakan 580 tana nufin bango na nan a santimita 10. Ɗalibin da ke ƙorafin bai ga amfanin lissafi ba, ku ba shi wannan ya yi a takarda, sannan ya ɗauko rula ya tabbatar. Haka batun giyar inji, wato faifai mai haƙora: ƙarama mai haƙora 12 idan tana juya babba mai 36, gudu ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku, ƙarfin juyi ya ninka sau uku. Na'urar da ta kasa hawa gangare za ta koyar da wannan fiye da allon aji.

Mataki na huɗu: rabon aiki

Bayan kowa ya bi ta aikin farko, sai a raba: masu gina gangar jiki, masu wayoyi, masu rubuta umarni, masu rubuce-rubuce da hotuna, masu kula da kuɗi da kaya. Wannan rabon yana buɗe ƙofa ga ɗalibin da ya iya zane ko magana a gaban jama'a, ko da bai damu da dalma ba.

Sai dai ku sa ido. In ba a lura ba, za a wayi gari maza sun riƙe sukurudireba, an miƙa wa 'yan mata littafi da kyamara, ba don wani ya yanke hakan ba. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, domin yarinyar da aka mayar marubuciya tun makon farko ba za ta taɓa sanin ko ita ce ta fi kowa iya wayoyi ba. Maganinsa juyawa: a zangon farko kowa ya zaga aƙalla ɓangare biyu. Ku kuma kafa wa manyan ɗalibai da malamai doka ɗaya mai wuyar bi: idan ƙarami ya maƙale, a nuna masa da baki, kada a karɓe kayan daga hannunsa. Minti goma da babba zai ceto ta hanyar karɓewa bai kai abin da ƙaramin ya rasa ba.

Mataki na biyar: littafin aiki

Kowane zama a rubuta kwanan wata, abin da aka gwada, abin da ya faru, da shawarar da aka yanke da dalilinta. Zanen da bai yi aiki ba kada a yage shi. A gasar mutum-mutumi ta VEX alƙalai suna duba irin wannan littafi kafin ba da wasu manyan kyaututtuka, amma ko babu gasa, shi ne ƙwaƙwalwar kulob. Umarnin kwamfuta kuma a ajiye shi a GitHub, shafin intanet na adana irin wannan umarni, da sunan kulob, ba a kwamfutar ɗalibi ɗaya ba.

Mataki na shida: gasa

Shawarata ita ce shekarar farko ku yi gasa a cikin gida, ƙungiya da ƙungiya, ku gayyaci sauran ɗalibai su kalla. Bayan nan ku duba wadda ta dace da ƙarfinku.

Ƙungiyar FIRST, wadda Dean Kamen ya kafa a Amurka a 1989, ta yi gasarta ta farko a 1992 a jihar New Hampshire da ƙungiyoyi 28. Babbar gasarta ta 'yan sakandare ana bayyana wasan shekara a farkon Janairu, na'urorin sukan haura kilo 50, rajista kaɗai dubban daloli ce, don haka ba ta sabon kulob ba ce. FIRST Tech Challenge da VEX V5 sun fi sauƙi: na'ura takan fara wasa cikin girman inci 18 ta kowane ɓangare, ana kuma karawa biyu da biyu. A VEX, sakan 15 na farko na'ura ke tuƙa kanta, sannan ɗalibi ya karɓa na minti 1 da sakan 45. Akwai World Robot Olympiad da aka fara a Singafo a 2004, mai ƙungiyoyin ɗalibai biyu ko uku, da RoboCupJunior mai wasan ƙwallo da aikin ceto. FIRST Global kuwa, wadda aka fara a Washington a 2017 da ƙasashe sama da 150, ƙungiya ɗaya take karɓa daga kowace ƙasa.

Abin da ke ba sababbi mamaki a waɗannan wurare shi ne tsarin ƙawance. Wanda kuka kara da shi da safe yana iya zama abokin tafiyarku da rana. Saboda haka za ka ga ƙungiya ta ara wa abokiyar hamayyarta inji, ko ɗalibi ya tsuguna a rumfar wasu yana gyara musu waya. Marigayi Woodie Flowers, malami a jami'ar MIT, shi ya dasa wannan ɗabi'a a FIRST: a yi takara da gaske, a kuma mutunta abokin karawa. Ku koya wa ɗalibanku ita tun a gida.

Mako guda kafin gasa a daina ƙara sabon abu a jikin na'ura. A bar matuƙi ya yi ta atisaye, a matse kowane noti, a cika batura a sa musu lamba, a shirya akwatin kayan gyara. Na'ura mai sauƙi da matuƙinta ya saba da ita tana yawan doke mai kayan ƙawa da aka gama haɗawa daren jiya.

Mataki na bakwai: kuɗi da jama'a

Ku rubuta abin da kuke buƙata dalla-dalla da farashinsa, domin mai taimako ya fi sakin hannu idan ya san takamaiman abin da kuɗinsa zai saya. Iyaye, tsofaffin ɗalibai da kamfanonin da ke kusa su ne farkon waɗanda za a tuntuɓa, kuma ɗalibai ne za su je da na'urarsu su yi bayani, malami yana gefe. Ba kuɗi kaɗai ake nema ba: makaniki ko mai gyaran lantarki da zai ba ku awa biyu a wata babbar riba ce. Duk wanda ya taimaka a aika masa da takardar godiya da hoton abin da aka yi. Sau ɗaya a zango kuma ku kai na'urorin makarantar firamare, ku miƙa wa yara abin tuƙi. Daga cikinsu 'yan kulob na gaba za su fito.

Mataki na takwas: miƙa ragama

Kada a jira bikin yaye ɗalibai. Tun farkon shekara, kowane ɗan ajin ƙarshe da ke riƙe da wani ɓangare a haɗa shi da mataimaki daga ƙaramin aji. A zango na biyu mataimakin ne zai riƙa yin aikin, babban yana kallo. A zango na uku a zaɓi sababbin shugabanni, tsofaffin suna nan ana iya tambayarsu. Kafin su tafi, a ƙirga kaya a rubuta, a miƙa wa malami kalmomin sirri na duk shafukan kulob, kowane mai tafiya kuma ya rubuta shafi ɗaya a littafin aiki kan abin da ya so a ce an gaya masa tun yana sabo. Sannan a kwance na'urar bara gaba ɗaya, a jera sassanta a tebur, a ba sababbin shugabanni zama biyu su mayar da ita yadda take ba tare da tsofaffin sun sa hannu ba. Duk inda suka maƙale, a rubuta shi, a koyar da shi kafin hutu.