Yadda Ake Dirowa da Laima Karo na Farko Don Tara Kuɗin Agaji

Tun da na yi tawa dirowar daga jirgin sama, kullum sai wani ya tambaye ni ta ina zai fara. Ga matakan:

1. Zaɓi ƙungiyar agajin da kake son taimaka wa, ka sanar da ita niyyarka.
2. Nemi cibiya mai lasisi, ka zaɓi dirowar haɗin gwiwa, wadda ake ɗaure ka da ƙwararren malami.
3. Ga likita idan kana da ciwon zuciya, hawan jini ko farfaɗiya. Kada ka ɓoye komai a takardar lafiya.
4. Buɗe shafin karɓar gudummawa.
5. Faɗa wa masu bayarwa ko kuɗinsu ne zai biya dirowar. Nan ake samun saɓani. Ni dai na fi son mutum ya biya daga aljihunsa.
6. Ranar, ci abinci mara nauyi.
7. A bakin ƙofar jirgi, kusan mita 4,000 sama, ɗaga kai ka lanƙwasa baya.
8. Dab da ƙasa, ɗaga ƙafafu gaba. Hattara! Nan ake karya idon sawu.
9. Miƙa kuɗin, ka nuna wa kowa rasit.