Darasi na 7: Neman Izini da Jamusanci

Matambayi ba ya ɓata. A Jamus kuwa rashin tambaya aljihu yake taɓawa, domin wanda aka kama a bas ko jirgin ƙasa ba tikiti yawanci tarar Yuro 60 ake yanka masa, ko da ya rantse bai sani ba. Darasinmu na yau kan kalma ɗaya ya tsaya, wato dürfen, ma'ana a yarje wa mutum ya yi abu.

In za ka tambaya don kanka, ka fara da Darf ich, wato "an yarda in" (darf daga dürfen ta fito), sannan ka kai aikin da kake son yi can ƙarshen jimla.

Darf ich hier parken? An yarda in ajiye mota a nan?

Darf man hier rauchen? An yarda a sha taba a nan?

Lura da man ɗin nan. Ita ce "a" tamu ta "ana yi" da "a bari", wadda ba ta nuna kowa. Da ita ake tambayar abin da doka ta ce wa jama'a duka.

A jikin alluna za ka riƙa ganin verboten, an hana. Harafin v ɗinta kamar f ake furta shi. Erlaubt da gestattet kuma an yarda ke nan.

Yanzu ga wurin da nake so mu zauna sosai, don nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe. Akwai müssen, wato dole. In aka sa mata nicht, kalmar korewa mai ma'anar "ba", ba ta zama hani. Sie müssen nicht kommen na nufin ba dole ba ne ka zo, in ka ga dama ka zo. Amma Sie dürfen nicht arbeiten na nufin an hana ka aiki, ƙwarai da gaske. Ka duba takardar zamanka: in an rubuta Erwerbstätigkeit nicht gestattet, wato ba a yarda da aikin kuɗi ba, to ko aikin wanke-wanke na kwana ɗaya ka karɓa, ka taka doka, kuma hakan na iya jawo maka matsala ranar sabunta takarda. Ɗalibin jami'a da ya zo daga wajen Tarayyar Turai, kamar ɗan Najeriya ko Nijar, an yarje masa aikin cikakkun kwanaki 140 a shekara tun daga Maris 2024.

Ofisoshi biyu ba makawa sai ka taka su. Bürgeramt ne wurin rajistar adireshi, kuma doka ta ba ka kwana 14 daga ranar da ka tare a gida. Ka tafi da fasfo da takardar shaida daga mai gidan haya. Ausländerbehörde kuma shi ke da maganar izinin zama. A duka biyun Sie za ka ce wa ma'aikaci, kamar yadda muke ce wa babba "ku". Kalmar du, wato "kai" ko "ke", ta abokai ce da yara.

Ku karanta wannan biyu-biyu:

Baƙo: Guten Tag. Darf ich mit diesem Visum arbeiten?
Barka da rana. An yarda in yi aiki da wannan biza?

Ma'aikaciya: Nein, Sie brauchen eine Genehmigung.
A'a, sai kun sami izini.

Baƙo: Können Sie mir das bitte schriftlich geben?
Don Allah za ku iya ba ni wannan a rubuce?

Jimlar ƙarshen nan ku haddace ta kamar sunanku. Amsar baki tana tafiya da iska, takarda kuwa kana iya kai wa wanda ya fi ka jin yaren ya duba maka.

Wani abu da ya shafe mu kai tsaye shi ne layya. Dokar kare dabbobi ta Jamus ta hana yanka ba tare da an sumar da dabba ba, sai da izini na musamman, Ausnahmegenehmigung, daga ofishin likitocin dabbobi, Veterinäramt. Don haka kada ka kayar da rago a bayan gida yadda aka saba a Kano ko Damagaram. Ka tambayi masallacin unguwarku mayankar da suke zuwa.

Aiki: A gidajen haya ana son shiru daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, da kuma ranar Lahadi. Rubuta wa mai gidanka tambaya biyu da Darf ich, ɗaya kan kunna injin wanki ranar Lahadi, am Sonntag waschen, ɗaya kan gashin nama a baranda, auf dem Balkon grillen. Abokin zamanka ya amsa ta farko da Sie dürfen, ta biyu da Sie dürfen nicht.