Yadda za ka gwada tunanin yaro da kofi uku da zoɓo

Ɗaliban da ke karatun koyar da ƙananan yara sukan kawo min kundin bincikensu cike da sunayen masana, amma kaɗan ne cikinsu suka taɓa zama a tabarma da yaro ɗan shekara biyar don su ga abin da idonsu. Ga gwajin da nake sa kowa ya fara da shi, ba ya cin kuɗi.

Asalinsa daga Jean Piaget ne, masanin nan ɗan ƙasar Suwizalan da aka haifa a 1896 ya rasu a 1980. A ganinsa, yaro daga shekara biyu zuwa wajen bakwai yana bin abin da idonsa ya nuna masa ne, sai daga baya yake gane cewa yawan abu ba ya canzawa don an sauya masa mazubi.

Ka nemi kofi biyu na gilashi iri ɗaya sak, da na uku dogo siriri. Na fi son zoɓo a kan ruwa, domin jan launinsa yana sa yaro ya ga inda ya tsaya. Kafin komai ka nemi izinin iyaye, ka kuma tambayi yaron ko yana son wasan. In ya ƙi, ka ƙyale shi. Kada sunansa ya shiga takardarka, lamba ta isa. Shekarunsa kuwa ka rubuta har da watanni, daga takardar haihuwa ko katin rigakafi, domin tsakanin ɗan shekara biyar da wata ɗaya da ɗan biyar da wata goma sha ɗaya akwai tazara mai yawa.

Ka zuba zoɓo a kofunan nan biyu, ka ce: "Duba min, daidai suke ko wani ya fi wani?" Idan ya ce wani ya fi, ka ƙara ko ka rage har sai ya yarda da bakinsa cewa daidai suke. Sannan a gabansa ka juye ɗaya cikin dogon kofin, ka sake tambaya. Ɗan shekara huɗu zai nuna dogon da yatsa, cikin tabbaci, ya ce shi ya fi yawa. Kada ka yi dariya, kada ka gyara masa, kada fuskarka ta nuna komai. Ka ce masa kawai: "Me ya sa?"

Nan ne aikin yake. Amsar "daidai suke" ba ta wadatar ba, tunda yaro kan iya cinka. Dalilin da ya bayar ne yake nuna ya gane. Za ka ji wani ya ce "ai ba ka ƙara ba, ba ka kuma rage ba." Wani ya ce "in ka mayar da shi zai koma yadda yake." Wanda ya fi burge ni shi ne mai cewa "wannan dogo ne amma siriri," domin ya riƙe tsawo da faɗi a kansa lokaci guda.

Sai dai a yi hattara, tambayar kanta tana iya kayar da yaro. Ka lura, sau biyu ka yi masa tambaya ɗaya. A wajen yaro, idan babba ya maimaita tambaya, to amsar farko ba ta yi ba ke nan, sai ya canza. A 1974 wasu masu bincike biyu, Rose da Blank, sun cire tambayar farko suka bar ta ƙarshe kaɗai, sai yaran da suka amsa daidai suka ƙaru. A Edinbura ta Sikotlan ma, McGarrigle da Margaret Donaldson sun jera wa yara 'yan ƙwayoyi layi biyu daidai, sai suka sa wata 'yar tsana "mai ɓarna" ta hargitsa layi ɗaya kamar bisa kuskure. Yara 'yan shekara huɗu zuwa shida da yawa, waɗanda suka faɗi lokacin da babba ya baza layin da hannunsa, sun ce har yanzu daidai suke. To, balle yaranmu da aka tarbiyyantar a kan kada su musa wa babba, kada su ɗaga ido su kalle shi. Yarinyar da ke yi wa mahaifiyarta awon gero da mudu kullum tana iya yin shiru a gaban baƙon malami mai biro da takarda, kai kuma ka rubuta cewa ba ta sani ba.

Saboda haka nake cewa a yi gwajin da harshen da yaro ke magana da shi a gida, a kuma bar shi ya juye da hannunsa a karo na biyu. Patricia Greenfield ta ga amfanin haka a Senegal a shekarun 1960: yaran Wolof da ba su shiga boko ba sun fi amsawa daidai idan su suka juye ruwan da kansu. Douglass Price-Williams kuma, a binciken da ya wallafa a 1961 kan yaran Tibi a Najeriya, ya yi amfani da ƙasa da 'ya'yan itace da suka saba gani, ya tarar suna gane abin a wajen shekara bakwai zuwa takwas, kusan daidai da yaran Turai.

Wajen rubutawa, abin da ka gani da abin da ka ji za ka rubuta. "Ya kalli dogon kofi, ya kalli mahaifiyarsa, ya ce wannan ya fi" bayani ne. "Ya ruɗe" ra'ayinka ne, ka ajiye shi gefe. In da hali, abokin karatunka ya zauna can nesa kaɗan ya rubuta nasa, daga baya ku gwama. Inda kuka saɓa, nan za ka gane son zuciyarka ya shiga.

Yaro ɗaya ba ya isa a yanke hukunci. Hanya mai sauri ita ce ka gwada 'yan shekara huɗu, shida da takwas a mako guda ka kwatanta su. Hanya ta biyu, ka bi yara ɗaya ɗin nan shekara da shekaru kana maimaita gwajin. Ita ce ke nuna yadda kowane yaro ke sauyawa, amma tana cin lokaci, wasu iyalan su tashi, yaran kuma su saba da tambayoyin. Ɗalibin da ke da zango ɗaya ya ɗauki ta farko. Idan kuma ka ga 'yan makaranta sun fi waɗanda ba sa zuwa, kada ka yi gaggawar cewa makaranta ce sanadi. Ta yiwu sabo ne kawai da tambayar da mai yin ta ya riga ya san amsarta.

Uwar yaron za ta tambaye ka, "Malam, ya ci?" Ka gaya mata ba jarrabawa ba ce, kuma ɗan shekara huɗu da ya zaɓi dogon kofi ya yi abin da sa'o'insa suke yi a ko'ina.