Idan Yarinya Tana Cin Gashin Kanta

Kitso nake yi a Jidda, shi ya sa sau da yawa nake riga uwa ganin abin. Kina tsefe kan yarinya sai ki tarar da fili a bayan kunne ko a tsakar ka, guntayen gashi sun kewaye shi, wani dogo wani gajere, fatar kuma sumul, babu ƙuraje. Wannan ba makero ba ne, da hannunta take tsigewa. Wasu in sun tsige, baki suke kaiwa.

Ciki ba ya narkar da gashi. Taruwa yake a tumbi, ya cakuɗe da abinci, ya dunƙule kamar soson wanka. Wani sa'in guntu ya gangara hanji ya toshe bakin afendis, wata 'yar jaka a jikin hanji a ƙasan ciki ta dama, wadda a asibitin nan ake ce wa za'ida, sai ta kumbura. Ba kasafai ba ne, amma likitoci sun taɓa ciro gashi a cikin afendis.

Ki fara da sa ido, ba faɗa ba. Ki lura da hannunta in tana kallon waya ko ta kwanta barci. Ki duba girarta da gashin idonta. Duka sai dai ya koya mata ɓoyewa, aski kuwa ba ya cire ɗabi'ar. Ki kai ta a gwada jininta, don ƙarancin jini kan zo tare da kwaɗayin abin da ba abinci ba, sannan ki yarda likitan ƙwaƙwalwa ya gan ta. Cin gashi ya fi kama yara mata. In tana ƙoshi da loma uku, tana ramewa, bakinta na wari, a ɗauki hoton cikinta.

Ranar da ciwo ya taso daga cibiya ya koma ƙasan ciki ta dama, ga amai da zazzaɓi, tana tafiya a duƙe, tari ma ya gagare ta, kada ki jira Maigida ya dawo aiki. Ban da maganin wanke ciki, ban da gasa cikin da ruwan zafi, ban da abinci, don ƙila a yi tiyata. Afendis na iya fashewa cikin kwana 2 zuwa 3. Ki kira 997, lambar motar asibiti a Saudiyya, ko ki tari mota, kuma tun a ƙofa ki gaya wa likita tana cin gashi, ya duba har tumbin.