Yadda ake sa take a rubutun neman jami'a a Amurka

Masu cike fom ɗin Common App, wanda ake neman jami'o'in Amurka da shi ta intanet, sun yi ta tambayata ko dole ne rubutun bayanin kai ya zo da take. Ba dole ba ne. Ga yadda za ka bi:

1. Karanta umarnin jami'ar. In ta nemi take, sa mata.

2. Gama rubutun tukuna, take ya jira.

3. Ƙirga kalmominka: kada su gaza 250, kada su wuce 650.

Hattara, a nan ake tuntuɓe! Take ba shi da gurbi na daban. Duk abin da ka liƙa a akwatin rubutun, da shi ake lissafi.

4. Karanta jimlarka ta farko a bayyane. In ta ja hankali, bar rubutun ba take. Ni dai na fi son haka.

5. In kana son taken, ciro shi daga cikin labarin, gajere. Wanda ya yi rubutu kan sana'ar mahaifiyarsa, abu irin "Keken ɗinkin Inna" ya fi masa "Tarihin rayuwata" nesa ba kusa ba.

6. Kada ka mayar da tambayar da rubutunka ke amsawa take, ka riga ka zaɓe ta a fom ɗin.

7. Ajiye taken a layin farko, shi kaɗai.

8. Duba shafin PDF da fom ɗin zai nuna maka kafin ka aika.