Yadda Ake Saka Linux Mint a Tsohuwar Kwamfutar Gida

Ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake bai wa Windows 10. Ita kuwa Windows 11 ba ta hawa kwamfuta sai mai TPM 2.0 (wani ɓangaren tsaro da ke cikin na'urar) da furosesa na baya-bayan nan, kuma da yawa daga cikin HP da Dell 'yan hannu da ke gidajenmu ba su cika wannan sharaɗi ba. Ba sai an jingine su ba. Linux Mint, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, kyauta ce, kuma jerin Mint 22 da ya fara fitowa a 2024 zai ci gaba da samun gyare-gyare har 2029.

Kafin komai, kwashe kayanka. Hotunan biki, takardun makaranta, karatuttukan da ka tara, duk ka juye su a wani filashi ko diski na daban. Sannan ka duba ƙarfin na'urar: tana bukatar RAM aƙalla 2GB, amma 4GB ya fi daɗin aiki, da sarari 20GB. Tun 2020 Mint ta daina fitowa don kwamfutoci masu 32-bit, sai 64-bit.

Shiga linuxmint.com ka sauke fayil ɗin ISO, wato fayil ɗin da ke ɗauke da Mint gaba ɗayanta. Kala uku ne: Cinnamon, MATE da Xfce. In kwamfutar na jan ƙafa, ɗauki Xfce. In da ɗan ƙarfinta, Cinnamon ta fi kama da Windows da hannunka ya saba da ita. Fayil ɗin ya kusa 3GB, don haka datar dare ta fi sauƙi. Nemi filashi mai 8GB da ba ka bukatar abin da ke ciki, domin za a goge shi tas, ka ɗora ISO ɗin a kai da manhajar Rufus ko balenaEtcher. Kwafa shi kai tsaye kamar waƙa ba ya aiki.

Kashe kwamfutar, soka filashin, kunna, ka riƙa danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi: F9 a HP, F12 a Dell da yawancin Lenovo. Zaɓi filashin, Mint za ta buɗe ba tare da ta taɓa diskinka ba.

A nan ne mutane ke garaje, kuma nan ne ya kamata a zauna. Kada ka taɓa alamar sakawa tukuna. Haɗa Wi-Fi ka gani. Kunna bidiyo ka ji ko sauti na fita. Soka abin kunne, gwada kyamara, rage hasken allo ka ƙara. Duk abin da zai ba ka ciwon kai gobe, yanzu zai nuna kansa, alhali Windows ɗinka na nan daram.

In allo ya yi baƙi ƙirin, sake kunnawa ka zaɓi Compatibility mode. Galibi katin hoto na Nvidia ke jawo haka, kuma bayan sakawa manhajar Driver Manager da ke cikin Mint za ta kawo direban da ya dace, wato manhajar da ke sa katin aiki. In Wi-Fi ya ƙi bayyana, sau da yawa katin Broadcom ne. Maganin na aljihunka: jona wayarka da kebul, kunna USB tethering, intanet zai shigo, Driver Manager ya ƙarasa sauran. In kuwa filashin ne bai fito a jeri ba sam, canza ramin USB, in ya ƙi ka shiga BIOS, wato saitin da ake shiga da an kunna kwamfuta, ka kashe Secure Boot.

Komai ya yi? To, ka tabbatar batiri a cike yake ko inji na kunne, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar raba diski ba ƙaramar ɓarna ba ce. Danna Install Linux Mint, zaɓi harshe da madannai, ka sa alama a akwatin multimedia codecs don bidiyo su riƙa buɗewa. Daga nan sai babbar tambaya. Erase disk na share komai da komai. Install alongside na barin Windows a gefe, duk lokacin da ka kunna ka zaɓi wadda kake so. Mai son zaɓi na biyu ya fara kashe Fast Startup da BitLocker daga cikin Windows. Wani lokaci mai sakawar zai ce bai ga diski ba ko ya ambaci Intel RST. Ana gyara wannan ta mayar da SATA zuwa AHCI a BIOS, sai dai Windows na iya ƙin tashi in ba a shirya ta ba kafin canjin, don haka mai riƙe duka biyun ya nemi wanda ya sani.

Zaɓi yankin lokaci, Lagos ko Niamey, sa suna da kalmar sirri da ba za ka manta ba, don za a riƙa tambayarka ita a kai a kai. Da ta gama, cire filashin ka sake kunnawa.

Buɗe Update Manager ka sauke abin da ke jira, ka saita Timeshift don ya riƙa ajiye hoton tsarin da za ka koma gare shi in wani abu ya lalace. LibreOffice da Firefox suna ciki tun asali. A saitin madannai kuma akwai tsarin Hausa na Najeriya da na Ghana.