Kurakuran da aka fi yi game da na'ura mai yanke hukunci

A ka'idar lissafin kwamfuta, ba a kiran na'urar Turing, wato kwamfutar da ake ƙaddarawa a lissafi wadda Alan Turing ya bayyana a 1936, da sunan mai yanke hukunci sai ta cika sharaɗi guda mai tsauri: duk abin da aka shigar mata, dole ta tsaya bayan matakai masu iyaka, ta ba da amsar i ko a'a, kuma amsar ta zama daidai. Yawancin kurakuran masu koyo daga sakaci da wannan sharaɗin suke tasowa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar na'ura mai ganewa, wato wadda ke tsayawa idan amsar i ce amma tana iya yin ta aiki har abada idan a'a ce, a matsayin mai yanke hukunci. A ce an ba mu wata ma'adala ta aljabara mai haruffa da yawa, ana tambaya ko akwai cikakkun lambobin da za su warware ta. Mai koyo yakan ce abin mai sauƙi ne, a riƙa gwada lambobi ɗaya bayan ɗaya. Idan akwai mafita, lalle na'urar za ta same ta, amma idan babu, haka za ta yi ta gwaji har abada, mai jiran amsa kuwa ba zai san ko ya ƙara haƙuri ko ya fid da rai ba. Wannan ita ce matsala ta goma cikin jerin da David Hilbert ya gabatar a 1900, kuma a 1970 Yuri Matiyasevich ya kammala hujjar cewa babu na'urar da ke yanke mata hukunci. Gyaran shi ne mutum ya tambayi kansa a kowace hujja: idan amsar a'a ce, mene ne zai tsayar da na'urar? Idan aka samu mai gane i da mai gane a'a duka biyu, sai a gudanar da su tare, mataki nan mataki can, domin dole ɗayansu ta tsaya.

Matsalar tsayawa ita ce tambayar ko manhaja za ta tsaya a kan abin da aka shigar mata, kuma babu na'urar da ke yanke mata hukunci. Wasu kuma suna zaton hakan yana nufin ba za a taɓa sanin ko wata manhaja za ta tsaya ba. Ba haka ba ne, domin akwai manhajoji masu ɗimbin yawa da ake tabbatar da tsayawarsu cikin sauƙi. Abin da babu shi ne hanya ɗaya da za ta yi aiki a kan kowace manhaja da kowane abin da aka shigar mata. Hasali ma tambaya guda ɗaya tak kullum tana da mai yanke mata hukunci, tunda tsakanin na'urar da ke cewa i da wadda ke cewa a'a, ɗaya tana da gaskiya ko da ba mu san wacece ba.

A ganina kuskuren da ya fi ɓarna a jarrabawa shi ne juya alkiblar hujja. Don a nuna cewa sabuwar matsala ba ta yankuwa, wato babu na'urar da ke yanke mata hukunci, sai a ɗauka cewa akwai mai yanke mata hukunci, sannan a yi amfani da shi a warware matsalar tsayawa, abin da aka san ba ya yiwuwa. Wanda ya yi akasin haka, wato ya warware sabuwar matsalar da taimakon matsalar tsayawa, bai tabbatar da komai ba.

Haka nan yankuwa ba sauri ba ce. Mojżesz Presburger ya nuna a 1929 cewa lissafin lambobi da tarawa kaɗai yana yankuwa, amma a 1974 Fischer da Rabin suka tabbatar cewa lokacin da hakan ke ci yana hauhawa fiye da kima.

Ka'idar Rice ta 1953 ma, wadda ta ce tambayoyi kan abin da na'ura ke karɓa (wato abin da take amsa wa da i) ba sa yankuwa sai waɗanda amsarsu ɗaya ce ga kowace na'ura, ana yawan ɗora mata abin da ba ta faɗa ba. Tana magana ne a kan abin da na'ura ke karɓa, ba a kan yadda aka gina ta ba. Saboda haka tambayar ko na'ura za ta tsaya cikin matakai 1,000 tana yankuwa, domin ana iya gudanar da ita matakai 1,000 a duba, alhali tambayar ko akwai wani abu ko guda da na'urar ke karɓa ba ta yankuwa.